Tarihin Al-Jahiz, Malamin Basra Da Ya Yi Nazarin Tururuwa Da Ƙuda

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halicci giwa, Ya halicci sauro, Ya ba kowannensu abincinsa da makaminsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan uwa, yau za mu kawo tarihin wani malami da ya rasu sama da shekara 1,100 da suka wuce, wato Al-Jahiz. Abin da ya sa muka zaɓe shi, wani hali ne da muke gani a tsakanin matasanmu a nan Zango da Houéyiho da sauran unguwannin Kwatano. Ɗan lakwal yana ganin sanin halittu kayan Turawa ne, babu hannun Musulmi a ciki. Almajiri kuma yana ganin tsayawa kallon ƙwaro ɓata lokaci ne. Akwai na uku, wanda yake yini a kasuwa, ya riga ya yanke wa kansa hukunci cewa karatu ya wuce shi. Rayuwar wannan mutum tana da amsa ga dukkansu. Yana kuma da kurakurai a aƙida, za mu faɗe su a wurinsu.

Sunansa da asalinsa

Sunansa Abu Usman Amru ɗan Bahar ɗan Mahbub Al-Kinani. An haife shi a Basra ta ƙasar Iraƙi wajajen shekara ta 160 bayan Hijira, daidai da 776 Miladiyya. Al-Jahiz laƙabi ne, ma'anarsa mai fitattun idanu, don idanunsa sun ɓullo waje. Masu tarihi sun ruwaito cewa kakansa baƙar fata ne, mai kula da raƙuman wani mutum na ƙabilar Kinana, daga nan nasabar ta samo asali. Shi kansa ya rubuta wani ɗan littafi a kan falalar baƙaƙen mutane, inda ya ambaci Luƙmanu da Bilalu da Sa'idu ɗan Jubairu.

Basra garin ruwa ce, an kafa ta a zamanin Sayyidina Umar. Tana da magudanai da fadamu da gonakin dabino da tashar jirage, ga zafi ga sauro. Wanda ya san damina a bakin tafkin Nokuwe ba zai sha wahalar gane irin garin ba.

Tashinsa da neman ilminsa

Al-Jahiz ya tashi cikin talauci. An gan shi yana sayar da gurasa da kifi a bakin wani magudanin ruwa da ake kira Saihan. Idan ya tashi daga talla sai ya nufi babban masallacin Basra ya zauna a da'irar malamai, ko ya tafi Mirbad, kasuwar raƙuma da ke bayan gari, inda Larabawan ƙauye suke sauka. A wurinsu ya ji Larabci tsantsa, ya kuma ji labarin dabbobin daji daga bakin waɗanda suke kwana tare da su.

Ya yi karatun lugga da tarihin Larabawa a wurin Al-Asma'i da Abu Ubaida da Abu Zaid Al-Ansari. Nahawu kuma a wurin Al-Akhfash. Ilmin kalam ya ɗauke shi daga Ibrahim An-Nazzam, ɗaya daga cikin manyan Mu'utazilawa.

Ibnun Nadim ya kawo a cikin Al-Fihrist cewa littafi bai taɓa faɗawa hannun Al-Jahiz ba face ya karance shi tun daga farko har ƙarshe, kuma yakan yi hayar shagunan masu sayar da littattafai ya kwana a ciki yana karatu. Ana kuma ba da labarin cewa wata rana ya nemi abinci a gida, mahaifiyarsa ta kawo masa faifai cike da takardunsa, don ta nuna masa su kaɗai yake kawowa gidan. Ya fita ransa a ɓace. Wani mai hali da ya ji labarin ya ba shi dinari 50, ya sayi gari da sauran kayan abinci ya kai mata, ya sanar da ita cewa takardun nan ne suka jawo su.

Zamansa a fadar Abbasiyawa

Sunansa ya fito lokacin da Halifa Ma'amun ya karanta wasu rubuce-rubucensa a kan shugabanci ya yaba. Ya koma Bagadaza, aka ba shi aiki a ofishin wasiƙun halifa, amma kwana uku kawai ya yi ya nemi a sauwaƙe masa. Daga nan da alƙalaminsa ya ci abinci. Ya sadaukar da Kitabul Hayawan ga waziri Ibnuz Zayyat, aka ba shi dinari 5,000. Ya sadaukar da Al-Bayan wat Tabyin ga alƙalin alƙalai Ahmad ɗan Abi Du'ad, shi ma ya ba shi dinari 5,000.

Kusantar masu mulki tana da haɗari. A shekara ta 233 (847) Halifa Mutawakkil ya kama Ibnuz Zayyat, aka azabtar da shi har ya mutu. Al-Jahiz ya gudu, aka kamo shi aka kai shi ɗaure gaban ɗan Abi Du'ad, wanda abokin gabar wazirin ne. Fasahar bakinsa ce ta cece shi, alƙalin ya sa aka kwance shi. Shi da kansa ya ba da labarin cewa Mutawakkil ya kira shi don ya karantar da ɗansa, da ya ga fuskarsa sai ya ba shi dirhami 10,000 ya sallame shi. Haka yake, har kansa bai bari ba wajen barkwanci.

Kitabul Hayawan

Littafin da ya shafe mu yau shi ne Kitabul Hayawan, littafin dabbobi. Juzu'i bakwai ne a bugun da malamin Masar Abdussalam Harun ya tace, ya fitar a Alƙahira tsakanin 1938 da 1945. Ya ambaci dabbobi sama da 350. Madogararsa Alƙur'ani da hadisi, da waƙoƙin Larabawa, da littafin dabbobi na Aristo Bagirke wanda aka fassara zuwa Larabci a zamanin, da labaran mafarauta da masunta da masu kama macizai, sai kuma abin da ya gani da idonsa. Ya sha ƙin amincewa da wata magana ta Aristo idan ya ga hankali bai ɗauke ta ba.

Manufarsa ita ce ya nuna hikimar Allah a cikin halitta, kuma ya nace a kan cewa ƙaramar halitta ba ta gaza babba ba wajen nuni zuwa ga Mahalicci. Wannan hanya ce da Alƙur'ani ya buɗe. Akwai sura da sunan ƙudan zuma, da sura da sunan tururuwa, da sura da sunan gizo-gizo. Allah Ya buga misali da sauro a Suratul Baƙara aya ta 26, da ƙuda a Suratul Hajji aya ta 73. A Suratul An'am aya ta 38 Ya sanar da mu cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamar mu.

Yadda tururuwa ke isar da saƙo

A juzu'i na huɗu Al-Jahiz ya bayyana abin da kowa zai iya gani a tsakar gidansa. Mutum yana cin fara, ƙafa ɗaya ta faɗi ƙasa a wurin da babu tururuwa ko ɗaya. Ba a jima ba sai ga guda ta nufo wurin, ƙanshi ya jawo ta. Ta ja, ta juya, ta kasa. Sai ta koma raminta. Can sai ga ta ta fito, 'yan uwanta na biye da ita kamar baƙin zare, su haɗu su ɗauke.

Bai tsaya a nan ba. Ya kawo wa kansa tambayar da mai musu zai yi, cewa ta yaya aka san waccan ta farko ce ta kai labari, alhali ido ba ya bambance tururuwa da 'yar uwarta. Ya amsa da daɗewar lura: bai taɓa ganin wadda ta kasa jan abu ta koma rami ba face ayari ya biyo baya, kuma duk wadda ta gamu da wata a hanya sai sun ɗan tsaya, kai da kai, kafin su rabu. Daga nan ya fahimci akwai labarin da ke wucewa tsakaninsu. Sannan ya haɗa wannan da ƙissar Annabi Sulaimanu a Suratun Namli aya ta 18, inda tururuwa ɗaya ta gargaɗi jama'arta su shige gidajensu kada runduna ta tattake su.

Ku lura da tsarin: ya gani, ya yi wa kansa musu, ya koma ya sake gani, sannan ya yanke hukunci. Wannan shi ne darasin da muka fi so ɗalibai su riƙe.

Ya kuma rubuta cewa tururuwa tana tara hatsi da rani, idan ta ji tsoron danshi sai ta fito da shi ta shanya, sau da yawa a farin wata. Tana huda ƙwayar a daidai inda tsiro ke fitowa, ko ta raba ta biyu. Ƙwayar da Larabawa ke kira kuzbara kuwa, ya ce gida huɗu take raba ta, don rabinta yana iya tsirowa.

Abin da bai kai ga saninsa ba shi ne da me take ba da labarin. Wannan sai a 1959 ya fito sosai, shekarar da masanin tururuwa na Amurka, Edward Wilson, ya nuna cewa wata irin tururuwa tana zubar da wani ruwa mai ƙanshi daga ƙarshen cikinta a kan hanya, sauran su bi shi da 'yan gasun nan biyu na kansu. A shekarar ce aka raɗa wa irin wannan sinadari suna feromon. Kowa zai iya gwadawa: idan ka ga layin kiyashi a jikin bango, goga yatsanka a tsakiyar layin. Za ka ga sun rikice a daidai wurin na ɗan lokaci, don ka share musu rubutunsu.

Ƙudan zuma kuma da rawa yake kwatance. Masanin ƙasar Ostiriya Karl von Frisch ya gano cewa wanda ya samo furanni yana komawa amya ya yi wata rawa, inda ya fuskanta ya nuna sashen da abincin yake idan aka auna da rana, daɗewar rawar kuma ta nuna nisa. Ya samu kyautar Nobel a 1973. Idan ƙudan zuma ya yi harbi yana sakin wani ƙanshi da ke kiran 'yan uwansa zuwa wurin, shi ya sa harbi ɗaya yake jawo goma. Hayaƙin da masu ɗiban zuma ke turarawa yana dushe wannan ƙanshin.

Al-Jahiz ya riga ya shirya wa irin wannan fahimta wuri. A Al-Bayan wat Tabyin ya kasa hanyoyin bayani gida biyar: furuci, da ishara, da ƙidaya da yatsu, da rubutu, da halin da abu yake ciki wanda ke nuni ko da babu magana. A ganinsa harshe ɗaya ne kawai daga cikin hanyoyin isar da ma'ana.

Makamai da dabaru

Ya yi dogon bayani a kan cewa babu halittar da aka bari hannu sake. Kunama da rina makaminsu yana ƙarshen jikinsu. Sauro makaminsa a bakinsa yake, ya kwatanta shi da hancin giwa mai tsawo a siffa, ga shi siriri amma yana huda fatar ɓauna. Wani ƙwaron wari ne garkuwarsa. A cikin tsuntsaye ya kawo tuje, wanda ke watsa wa shaho kashi ya ɓata masa fukafukai. Ya kuma siffanta wani ɗan gizo-gizo da Larabawa ke kira zakin ƙudaje, wanda ba ya saƙa. Yakan lafe a ƙasa ya yi shiru kamar bai damu ba, sai ƙuda ya sake, ya daka tsalle ya kama shi.

Daga nan ya fitar da wata ƙa'ida: kowace dabba tana neman abin da ya fi ta rauni ta ci, tana kuma gudun abin da ya fi ta ƙarfi, kuma Allah Ya sanya wasu sababin rayuwar wasu. Sauro na shan jinin manyan dabbobi, wani ƙwaron na cin sauro, tsuntsu na cin ƙwaron, maciji na cin ƙwan tsuntsu.

Wannan ƙa'ida ta yi mana aiki a nan ƙasar. A farkon shekarun 1970 wani farin ƙwaro mai tsotse rogo ya shigo Afirka daga Kudancin Amurka, ya bazu har ya yi barazana ga garin rogo da miliyoyin mutane ke ci. Masana suka koma can asalinsa suka nemo abokin gabarsa, wani ɗan mitsitsin zanzaro da ke saka ƙwai a cikin jikinsa. An fara sakinsa a Najeriya a 1981, aka yaɗa shi ƙasashe da dama, annobar ta lafa ba tare da feshin guba ba. Cibiyar IITA da ta jagoranci aikin tana da reshe a Kalabi, nan kusa da mu. A gonakin mangwaro na Benin kuma masu bincike sun gano cewa ƙudan da ke ɓata mangwaro yana ƙaurace wa 'ya'yan da jar tururuwar nan mai ɗinke ganye ta taka, don yana jin ƙanshin da ta bari.

Alƙali da ƙuda

Shahararren labarinsa a kan ƙuda shi ne na alƙalin Basra, Abdullahi ɗan Sawwar. Mutum ne mai tsananin natsuwa, yakan zauna shari'a a masallaci ba ya jingina, ba ya waiwaye, ba ya motsa hannu ko da yana magana. Wata rana ƙuda ya sauka masa a hanci, ya koma gefen ido. Alƙali ya daure, ya runtse ido, ya ƙifta da sauri, ƙuda ya tashi ya dawo. Ya kore shi da hannu, ya dawo. Har ta kai shi ga korarsa da hannun riga, jama'a suna kallo. A nan ya amsa a gabansu cewa jiji da kai ya shige shi, Allah kuma Ya nuna masa rauninsa ta hanyar mafi raunin halitta, ya karanta ayar Suratul Hajji da muka ambata.

Inda ya yi kuskure

Ba duk abin da ke cikin littafin ne daidai ba. Kamar mutanen zamaninsa, ya yarda cewa wasu ƙwari suna samuwa daga ruɓaɓɓen abu ba tare da ƙwai ba. Ya ɗauki shugaban ƙudan zuma namiji ne, alhali mace ce, uwar amya duka. Wani lokacin yakan kawo labari don nishaɗi kawai. Abdulƙahir Al-Bagdadi ma ya zarge shi da kwashe ma'anonin littafin Aristo, sai dai wanda ya karanta zai ga akwai abubuwa masu yawa na Basra da na ƙauyen Larabawa da Aristo bai san da su ba.

Wanda ya fi wannan nauyi shi ne aƙidarsa. Bamu'utazile ne, har ana jingina masa wani reshe nasu mai suna Jahiziyya. Ya goyi bayan maganar cewa Alƙur'ani halitta ne, kuma ɗan Abi Du'ad da ya ba shi kyauta shi ne jagoran fitinar da aka daki Imamu Ahmad ɗan Hambali a cikinta. Ibnu Ƙutaiba ya soke shi da kaushi a Ta'awilu Mukhtalifil Hadis, malaman hadisi kuma ba su amince da ruwayarsa ba. Don haka ba a ɗaukar aƙida ko hadisi daga gare shi.

Duk da haka malamanmu ba su jefar da littattafansa ba. Ibnu Khaldun ya ƙidaya Al-Bayan wat Tabyin cikin littattafai huɗu da su ne ginshiƙan adabin Larabci. Ad-Damiri, wanda ya rasu a 808 (1405), ya ɗebo da yawa daga gare shi a Hayatul Hayawan. Sun san fannin da ya ƙware a kai suka amfana, sun san inda ya zame suka yi gargaɗi. Haka ya kamata ɗalibi ya yi da kowane littafi, na Larabci ne ko na Faransanci, kuma ya yi shi a gaban malami.

Rashin lafiyarsa da rasuwarsa

A ƙarshen rayuwarsa ya koma Basra, ɓarin jikinsa ya shanye, ga ciwon gaɓoɓi. A cikin Kitabul Hayawan ya ambaci cewa ciwo mai tsanani da ƙarancin mataimaka da tsawon littafin sun hana shi kai aikin inda yake so. Malamin nahawu Al-Mubarrad ya je duba shi, ya bayyana masa cewa rabin jikinsa ko da zarto aka yanka ba zai ji ba, ɗaya rabin kuwa ko ƙuda ne ya gifta kusa sai ya ji zafi. Ya rasu a watan Muharram na shekara ta 255, wato ƙarshen 868 ko farkon 869, yana da shekara sama da 90. Labarin da ya shahara a bakin mutane shi ne tarin littattafansa ne suka rufto masa. Allah Ya gafarta masa kurakuransa.

Abin da za mu ɗauka

Ga mai talla da ɗan kasuwa: wannan mutum daga kan kifi da gurasa ya fara, a masallaci ya yi karatu, da dare ya yi bita. Ƙofar da ya bi tana nan buɗe tsakanin Magariba da Isha'i a masallatanmu.

Ga ɗan lakwal: idan an koya maka yadda ƙwari ke sadarwa, ka sani wani Musulmi mai jinin baƙar fata ya yi wannan tambayar tun ƙarni na uku na Hijira. Ka riƙe karatunka da kyau, domin zazzaɓin cizon sauro da ƙwarin da ke cinye rogo da masara suna jiran masana daga cikinmu.

Ga almajiri: umarnin duba halittun Allah yana cikin littafin da kake haddacewa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana kashe tururuwa da ƙudan zuma a hadisin Ibnu Abbas da Abu Dawuda ya ruwaito, malamai kuma sun yi bayanin hukuncin wanda yake cutarwa. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Allah Ya yi wa wani annabi faɗa don ya ƙone gidan tururuwa gaba ɗaya saboda cizon guda ɗaya, alhali al'umma ce mai tasbihi.

Ga iyaye da malaman Islamiyya: idan kun ga yaro ya tsuguna yana kallon layin tururuwa, kada ku kore shi da tsawa. Ku tambaye shi me ya gani, ku sa shi ya sake dubawa gobe, sannan ku buɗe masa Suratun Namli.

Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, Ya tsare mu daga jiji da kai, Ya shirya mana zuriyarmu. Allah ne Mafi sani.